A fara gyara mikro kafin a sayo kamera

Duk lokacin da aka tayar da zancen cunkoson ɗalibai a jami'o'inmu, sai ka ji wani babba ya ce ai maganin abin yana cikin na'ura. A kafa kamera a amfi, malami ya ba da darasi a Yamai, a kalle shi a Maraɗi da Damagaram da Tawa, wanda kuma bai samu kujera ba ya bi darasin ta wayarsa daga ɗaki. Shi ne abin da masu faransanci ke ce wa karatun ibrid, wato rabi ido da ido, rabi daga nesa. Ni dai ina goyon bayan abin, kuma zan faɗi dalilina. Tsorona shi ne yadda za a saye shi, da abubuwan da za a fake da shi a ƙi yi.

Mu fara da ciwon da ake son magancewa, don ciwo ne na gaske. Har zuwa 2010 jami'ar gwamnati ɗaya tak gare mu, Abdou Moumouni ta Yamai, in ka cire ta Musulunci da ke Say. A 2010 aka kafa na Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda yau muke kira Dan Dicko Dankoulodo da André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙaro Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, suka zama 8. Wannan alheri ne ga ɗan talaka. Yaron Tasawa ko Madawa ko Mirya ya samu inda zai yi karatu kusa da gida, ba sai ya tafi Yamai neman wurin kwana a ɗakin da mutum takwas suka riga suka cika ba. Sai dai gini ya fi malami saurin tashi. Amfi ana gama shi cikin shekara ɗaya ko biyu in akwai kuɗɗi. Malamin da zai kai matsayin da CAMES ta yarda ya jagoranci mastar da dokta kuwa, shekaru da yawa yake ɗauka bayan ya gama tasa doktar.

Shi ya sa muka saba da malaman misyon. Malami ya hau mota daga Yamai, ya yi tafiyar kilomita sama da 600 zuwa Maraɗi, ko kusan 900 zuwa Damagaram, wuni cur a kan hanya. Wani ma daga wata ƙasa ake gayyato shi. In ya iso, darasin da ya kamata a bi a hankali cikin wata uku ko huɗu sai a dunƙule shi cikin kwana biyar ko shida, daga safe har yamma. Duk wanda ya taɓa zaman irin wannan ajin ya san abin da nake nufi. Ranar farko kana fahimta, rana ta biyu kana rubutu, daga ta uku hannu ne kawai ke aiki, kai ya riga ya tafi hutu. In kuma tafiyar malamin ta ɗage, saboda kuɗɗin misyon ba su fito ba ko hanya ba lafiya, sai zangon karatu gaba ɗaya ya tsaya jiran mutum ɗaya. Ka haɗa wannan da yajin aiki da jinkirin burs, ka ga yadda shekarun karatu ke hawa kan juna, lisans ɗin shekara 3 ta kai mutum 4 ko fiye.

To a nan kamera na da aikin yi, kuma babba. In malamin nan zai iya ba da awa biyu kowane mako daga inda yake, ya zo da ƙafarsa sau ɗaya ko biyu a zango don tambayoyi da jarrabawa, wallahi ɗalibi ya ci riba. Wanda ke musun wannan bai taɓa haɗiye darasin awa 30 cikin mako ɗaya ba.

Amma ku lura da kalmar da ake ta maimaitawa: kamera, kamera. Ita ce ke fitowa da kyau a hoton bikin buɗewa. Alhali abin da ɗalibi ke bukata tun farko shi ne ya ji. Mutum zai iya haƙuri da hoto mai hazo na awa biyu, in dai muryar malami na fita tas. In murya na yankewa ko tana amsa-kuwwa, ko minti goma ba zai yi ba. Amfinmu kuwa ɗakuna ne na siminti da kwano, fankoki na kaɗawa, ɗaruruwan mutane na motsi, ƙofofi a buɗe saboda zafi. Mikron da ke jikin kamera can a bango duk wannan hayaniyar zai kwasa, muryar malami ta ɓace a ciki. Abin da ke aiki shi ne ƙaramin mikron da ake maƙalawa a wuyan riga, kusa da baki, da wani na biyu da za a riƙa miƙa wa mai tambaya don na nesa su ji abin da aka tambaya. Kuɗɗinsu bai kama ƙafar na kamera mai bin malami da kanta ba. Kuma tun kafin a je ga na nesa, na kusa ma za su amfana, don ɗalibin da ke zaune a layin ƙarshe ko tsaye bakin taga shi ma karatun nesa yake yi, sai dai ba wanda ya kira shi haka.

Bayan murya sai allo. Malamin lissafi ko na kimiyya ko na tattalin arziki, darasinsa na cikin abin da yake rubutawa. Kamerar da ke bin fuskarsa tana yawo da shi dama da hagu, alhali ɗalibi na son ganin layin da aka rubuta a ƙasan allo, ba ta yi masa komai ba. Gara kamera mai arha wadda aka kafe tana kallon allo, ko wadda ke kallon takarda daga sama malami na rubutu da biro. Fuskar malami mun santa, Allah ya ƙara masa lafiya.

Yanzu mu yi lissafin da masu sayen kaya ba su cika yi ba, don ba daga aljihunsu forfe ke fita ba. Bidiyo mai matsakaicin kyau, wanda ke tafiya da megabit 1 a daƙiƙa, yana cin mega 450 a awa ɗaya. Ɗalibin da ke da awa 20 na darasi a mako, in duka ta bidiyo zai bi, jiga 9 ke nan a mako, jiga 36 a wata. Murya kaɗai, in aka matse ta a kilobit 32, ba ta wuce mega 15 a awa. Ka haɗa ta da hotunan allo ko takardar darasi, duka awa 20 ɗin ba za su cinye abin da bidiyon awa ɗaya ko biyu zai ci ba. Ku je ku duba farashin forfe a Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms, ku kwatanta da abin da ɗalibi ke samu a wata, in ma yana samu. Wanda ke lissafin dala ashirin ta koko da ƙosai, ta ina zai fito da jikkunan jiga 36? In aka ce kowa ya bi darasi kai tsaye ta bidiyo da kuɗɗinsa, to an mayar da kuɗɗin gina amfi kan wuyan iyaye ne, ta hanyar kamfanonin waya.

Kai tsaye ɗin ma akwai magana a kansa. Darasi kai tsaye na bukatar abubuwa da yawa su daidaita a lokaci guda: kuran a ɗakin malami, kuran a ɗakin masu kallo, rezo a nan, rezo a can. Ɗaya ya faɗi, darasi ya faɗi. Mu kuwa mun san halin kuranmu, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a cikin takunkumin CEDEAO, wutar da a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa, ba a maido ta ba sai a Maris 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage wa Yamai zafi, ta Malbaza mai megawat 7 na nan tun 2018, amma ba wanda zai rantse maka cewa ƙarfe 10 na safiyar Talata akwai wuta a garuruwa biyu lokaci guda. Starlink da aka ba izinin aiki a ƙasar zai iya taimaka wa jami'a ta fuskar rezo, sai dai shi ma da wuta yake aiki, kuma kowane wata ana biya.

Don haka ni a ganina darasin da aka naɗa aka ajiye ya fi mana na kai tsaye amfani nesa ba kusa ba. A naɗa, a matse, a zuba cikin kwamfuta uwa guda ɗaya a harabar jami'a, a haɗa ta da wifi na cikin gida wanda ba ya bukatar fita intanet. Ɗalibi ya shigo harabar, ya sauke darussan mako cikin ƴan mintoci ba tare da ya kashe ko dala ba, ya tafi ya saurara lokacin da ya ga dama, ya maimaita inda bai gane ba sau uku ko huɗu. Manhajar da ake wannan aiki da ita, irin su Moodle, kyauta ce. Fanon sola kaɗan da batir sun isa riƙe kwamfutar da wifin. Kai tsaye kuma a bar shi ga awa ɗaya ta tambaya da amsa, wadda in ta yanke ba a yi asarar darasi ba.

Kuma gaskiya ɗalibai sun riga hukuma. Tun yaushe delege ke ɗaukar hoton takardun malami yana zubawa a gurup ɗin WhatsApp? Tun yaushe ake ajiye waya a kan tebur ana naɗar murya, da dare a tura wa wanda bai zo ba ta Xender ko katin memwa? Lokacin korona, da aka rufe makarantu a Maris 2020, abin da ya ɗan motsa ta waɗannan hanyoyin ya motsa. Karatun ibrid yana nan tuntuni, na talakawa, ba tsari, muryar ba ta fita sosai. Aikin jami'a shi ne ta karɓi abin da ke akwai ta gyara shi, maimakon ta sayo wani abu daga waje wanda aka ƙera don ɗakin da ke da sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake maganar kamar sabon abu ne a ƙasar nan. Nijar na cikin ƙasashen farko a Afirka da suka gwada koyarwa ta allon talabijin. A 1964 aka fara talabijin ɗin lakkol, da taimakon Faransa. Ana shirya darasi a situdiyo a Yamai, yara na kallo a aji. Har da hasken rana aka yi amfani wajen kunna akwatunan a ƙauye, a ƙasar da Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana. Abin da ya kamata mu riƙe daga wannan tarihi abu biyu ne. A kowane aji akwai mutum, monitar, wanda ke shirya yara kafin shirin ya fara, ya kuma ci gaba da su bayan an kashe akwati. Waɗanda suka tsara abin sun san allo shi kaɗai ba ya riƙe aji. Na biyu, shirin bai taɓa game ƙasa ba, yana da tsada, ya dogara da kuɗɗi da ma'aikatan waje, kuma a ƙarshen shekarun 1970 ya tsaya, kayan aikinsa suka zama tushen talabijin ɗin ƙasa. Senegal ma da ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda yanzu ake kira Cheikh Hamidou Kane, sai da ta gina gidaje a garuruwa, ENO, inda ɗalibi zai je ya samu wuta da rezo da abokan karatu da mai yi masa jagora. Wato ko jami'ar da ba ta da amfi sai da ta nemi bango da rufi.

Ke nan ɗakin da ake kallon darasi a Tawa ko Difa na bukatar mutum a ciki: mataimakin malami, ko ɗalibin dokta da ake biya, wanda zai tsayar da bidiyo ya ce kun gane? ya tattara tambayoyi, ya yi aikin TD da su. In babu shi, abin da za a samu shi ne gidan kallo, irin na ƙwallo, sai dai babu mai ihu.

Nan ne tsorona na farko yake. Kamera na iya zama hujjar ƙin ɗaukar malamai. Mai riƙe da bije zai ce me ya sa za a ɗauki mutum uku su koyar da darasi ɗaya a jami'a uku, alhali ɗaya ya isa a haska shi? Daga nan jami'o'in jihohi su koma rassan kallo, ilimi na Yamai, su kuwa allo. Matasan da suka wahala suka gama dokta suna jiran a ɗauke su, su ci gaba da zama vakater har furfura. Jami'a kuwa ba darasi kaɗai ba ce. Wa zai duba memwar ɗalibi? Wa zai yi bincike kan ƙasar noman Maraɗi, ko ruwan Damagaram da kullum ake kuka da shi, in malaman duk suna wani gari? Akwai kuma tambayoyin da ya kamata SNECS ta nemi amsarsu a rubuce tun kafin a kunna na'ura. Bidiyon na wane ne, na malami ko na jami'a? Shekara nawa za a yi ana haska shi kafin a sabunta? Darasin doka ko na haraji da aka naɗa shekara biyar da suka wuce guba ne. Ana biyan malami in an haska darasinsa a wata jami'a? Kuma ranar da malamai suka shiga yajin aiki, za a ɗauko naɗin bara a kunna a ce karatu na tafiya?

Tsoro na biyu na ɗalibai ne, kuma USN ce ya kamata ta buɗe ido a kansa. Ranar da aka rubuta sunanka cikin "masu bi daga nesa", me zai hana gobe a ce ba ka bukatar ɗaki a site, ba ka bukatar tikitin resto, ba ka bukatar bas? Ga da yawa daga cikinmu harabar jami'a ce kaɗai wurin da ke da tebur da fitila da ɗan shiru. Gidan haya mai ɗaki biyu da yara goma ba wurin sauraron darasin awa biyu ba ne. Ga ɗaliba kuwa abin ya fi nauyi. In tana gida, a idon mutanen gida tana nan ne, ga tulu ga tukunya ga ƙanne, wa zai yarda cewa waya a kunne karatu ne? Wasu iyayen ma za su samu dalilin cewa tunda ana iya yi daga ɗaki, fita ta ƙare. Ban manta ba cewa akwai waɗanda wannan tsari zai buɗe wa ƙofa: matar aure mai goyo, malamin lakkol da aka tura ƙauye yana son ƙarin karatu, mai lalurar ƙafa da matakalar amfi ta gagara, wanda ambaliya ko rashin tsaro ya tsare a garinsu. Saboda su ma ya kamata a yi. Amma ɗalibi ne zai zaɓa, kuma haƙƙinsa na ɗalibi ya tsaya yadda yake ko ta wace hanya ya bi darasi. Aikin labo da na asibiti da na gona kuwa ba su shiga wannan magana. Ba na son likitan da ya koyi ɗinkin rauni ta waya ya taɓa ni, ku ma na san haka.

Na uku ba a cika faɗinsa da ƙarfi ba, to bari in faɗa. Kamera ido ce, kuma ba ta mantuwa. Aji wuri ne da malamin tarihi ko na doka ko na siyasa zai kawo misali da abin da ke faruwa a ƙasa, ɗalibi ya yi tambayar da ba zai yi a gidan rediyo ba, wani ya yi kuskure a yi dariya a wuce. In kowa ya san ana naɗa, kuma bai san hannun da naɗin zai faɗa ba, bakin kowa zai mutu. Daƙiƙa 30 da aka yanko daga darasin awa biyu aka watsa a Facebook ko TikTok sun isa su ɓata wa mutum suna, ko su kai shi inda bai zata ba. Muna da dokar laifukan intanet ta 2019, wadda a Yunin 2024 aka maido mata da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura. Muna kuma da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. To a sa ta cikin maganar tun farko. A rubuta cewa kamera allo da malami take kallo, ban da fuskokin ɗalibai. Malami na da ikon tsayar da naɗi lokacin muhawara. A san wanda ke riƙe da makullin ajiya, da wanda aka yarda ya kalla, da ranar da za a goge. Ɗalibar da ba ta son hotonta ya fita, kada a ce sai ta bar aji.

Sai maganar saye, inda galibi kuɗɗin ke nutsewa. Mun sha gani a wurare da yawa: a ba da marshe, kaya su zo cikin kwali, a yanke kyalle, a yi hoto. Bayan wata shida hazo ya cika matatar majigi, zafi ya kashe fitilarsa, batirin mikro ya ƙare ba a san wanda zai sa hannu a sayi wani ba, rimot na kulle a ofishin wani da ya tafi misyon. Ba a ware ko tamma don gyara ba, ba a ɗauki ma'aikaci ko ɗaya da aikinsa ke nan ba. Alhali IUT ɗinmu na yaye matasa masu ilimin kwamfuta da lantarki kowace shekara, suna nan suna gyaran waya a bakin kasuwa. Kowane ɗaki mai kamera na bukatar ɗaya daga cikinsu, da albashi, da ɗan akwatin kayan canji.

Da za a tambaye ni, sai in ce kada a fara da amfi 20. A ɗauki darussa kaɗan na shekarar farko, inda cunkoso ya fi yawa, da kaɗan na mastar da ke jiran malamin misyon. A yi zango biyu ana gwadawa. Sannan a fito da lissafi a liƙa a allon sanarwa inda kowa zai gani: nawa aka kashe, wa ya ci marshen, awa nawa aka naɗa, awa nawa suka lalace saboda wuta ko rezo, ɗalibi nawa suka sauke, kuma sakamakon jarrabawarsu ya ya yake in aka kwatanta da na bara. Delege na kowane aji na iya riƙe nasa littafin tun ranar farko, ya rubuta ranar da na'ura ta yi aiki da ranar da ta ƙi, don ranar da za a zo da rahoton hukuma a samu abin da za a ajiye kusa da shi.